Laluben Ciki a Ranar Awo

Ni aikina yankan kati ne. Shekara da shekaru ina zaune bayan wata 'yar taga a ƙaramin asibitin haihuwa da ke wajen Gwadabawa, a Jimeta, ina tambayar mata suna da unguwa, in rubuta, in miƙa musu kati. Har yau shi nake yi. Amma a shekarun da bam ya riƙa tashi a kasuwa da tasha, an ɗauke ni daga bayan tagar an tsayar da ni a bakin ƙofa, aka ce in riƙa lalube cikin mata kafin su shiga.

Bakina ne ya ja mini. Labari ya cika gari cewa mata ake ɗaura wa abin a ƙugu, su rufe da hijabi ko mayafi su kutsa cikin jama'a. Ogan asibitin ya tara mu ya ce dole a fara bincike. Namiji ba zai taɓa matar wani ba, nas-nas kuma aiki ya yi musu yawa. Ya ɗaga kai yana neman wadda za ta tsaya, kowa ta sunkuyar da nata kan. Ni kuwa da shegen bakina na ce, "Yanzu duk girman jikinku an rasa mai tsayawa a ƙofa?" Oga ya ce, "To madalla, ga ki nan, dama ba kya tsoron kowa." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san me na ɗauka ba.

Aka jera ganguna cike da yashi can nesa, inda keke napep zai sauke mutane ya juya. Daga nan mace za ta tako da ƙafa har zuwa wata igiya da aka ɗaure, taku goma kafin ƙofa. A nan za ta tsaya sai na kira ta. A gefena aka ajiye wani maharbi da doguwar bindigarsa ta farauta, dattijo ne marar magana, kullum goro a bakinsa. Aka ba ni na'urar nan mai kamar ludayi, wadda take kuka in ta ji ƙarfe. Ba ta tsinana mini komai ba. Ta ji ɗankunne ta yi kuka, ta ji makulli ta yi kuka, ta ji fil ɗin hijabi ta yi kuka. A ƙarshe dai hannu ne, sai na sa tafina na shafa.

Wani mutum ya zo ya koya mana alamomin da za mu lura da su. Ya ce mu kula da mai tudu a ƙarƙashin hijabi, da mai tafiya da ƙyar, da mai yawan gumi, da wadda ba ta son haɗa ido. Na ce, "Malam, ka san inda ka zo kuwa? Nan asibitin haihuwa ne. Ranar awo duk wadda za ta shigo da tudu take zuwa, da ƙyar take tafiya, kuma a zafin Yola ko ƙadangare gumi yake yi." Ya kalle ni ya ce, "Shi ya sa sai kin ƙara kula, Hajiya." Ya naɗe takardunsa ya tafi abinsa.

Talata da Alhamis ne ranakun awo. Tun bakwai na safe layi yake kaiwa har ganguna, mata masu ciki a jere. A mako na farko na fahimci amfanina a wurin, ba tare da kowa ya faɗa mini ba. An tsayar da ni ne don in abin zai tashi ya tashi da ni, kada ya kai ciki inda mata suke zaune a benci. Duk matar da na ce wa "taho", taku goman nan da za ta yi ina ƙirga su a raina. In ta iso in ɗora hannu a kan cikinta, in riƙe numfashi, sai na ji fata mai ɗumi da taushi sannan in sake shi. Ta wuce, in kira ta gaba, a sake daga farko. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Kuma ba ni da wanda zan gaya wa, tunda ni ce aka ce ba na tsoron kowa.

Jiki magayi. Abinci ya daina wuce mini, cikina ya riƙa zafi kamar an zuba barkono, kafaɗuna suka sandare. In na koma gida Limawa ba na son kowa ya yi mini magana. Wata rana babbar 'yata ta saki murfin tukunya a kan siminti, ban san lokacin da na kai mata mari ba, sai da na ga shatin yatsuna a kumatunta. A gidan biki mutane na kallon amarya, ni ina kallon ƙugun mata. Maigidana, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce in je in gaya wa oga na gaji. Na ce masa ya bar ni da abin da ya dame ni, shi alli ne ke tashi a ajinsa. Daga ranar bai ƙara tayar da zancen ba.

Mutum ɗaya ce ta gane halin da nake ciki, babbar ungozomarmu. Kirista ce daga wajen Numan, ta kusa ritaya, kowa Mama yake ce mata, har oga. Rabin 'ya'yan Gwadabawa a hannunta suka faɗo. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Takan fito tsakiyar safiya tana goge hannu da tawul ta ce, "Kai, 'yar Limawa, zo ka zauna ka sha ruwa. Bari wani ya tsaya kaɗan." In ce, "Mama, in na zauna ke za ki tare ƙofar da almakashinki?" Ta ce, "Mutum da ya gaji ba ya gani. Idonka a buɗe yake amma ba ka ganin komai." In ce na ji, in ci gaba da tsayuwata. A ganina in na matsa ko na minti biyar ne, a daidai lokacin za a shigo da shi, kuma a ce ni ce.

Abu ɗaya na karɓa daga wurinta. Ta ce kada in kira mace sai na sa ta yi magana tun tana bakin igiya. In gaishe ta, in tambaye ta, "Wata nawa?" Wallahi wannan ya taimake ni. Mai ciki ba ta rasa abin faɗa. Wata ta ce bakwai, ga ƙafa duk ta kumbura. Wata ta ce ta daina ƙirgawa, ɗan nan ya ƙi fitowa, halin ubansa ne. A yi dariya. In na ji muryar mace tana ƙorafin ciwon baya sai hankalina ya ɗan kwanta kafin ta iso. Na riƙe tambayar nan da hannu bibbiyu, na yarda da ita fiye da na'urar. Wadda ta amsa tawa ce. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin me zan yi ranar da wata ta ƙi amsawa ba.

Ranar ta zo wata Alhamis, cikin bazara, lokacin da ruwa ya ƙi sauka kuma iska ba ta motsi. Kwana biyu kafin nan wani abu ya tashi a cikin gari, kowa da labarin da yake bayarwa, wayata cike da saƙonni, wai an ga mata uku sun shigo. Tun safe nake tsaye, ko shayi ban sha ba. Sau biyu Mama ta fito, sau biyu na kore ta. Wajen sha biyu layi ya ragu, saura mata kamar shida a inuwar katanga suna jira.

Sai na hango wata yarinya tana tahowa daga wajen ganguna, ita kaɗai. Doguwa ce siririya, fara, cikin hijabi ruwan toka har ƙasa. Tafiyarta ce ta fara tsaya mini a rai. Ta yi taku uku ta tsaya, ta ƙame, sannan ta ci gaba. Hannunta ɗaya yana cikin hijabi, a ƙasan ciki. Da ta iso igiya na ga gumi yana ɗiga daga haɓarta, leɓenta yana motsi ba sauti.

Na ce, "Sannu. Wata nawa?"

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Ke nake wa magana, baiwar Allah. Cikin wata nawa ne?"

Ta juya fuska gefe, ta ƙara jan hijabin ta rufe haɓa. Na gwada gaisuwar Fulatanci, na ce, "Jam na?" Kanta ya ɗan motsa, amma da na maimaita tambayata sai ta runtse ido, jikinta duka ya ɗaure, hannun nan na cikin hijabi ya damƙe wani abu. Duk alamomin da mutumin nan ya lissafa suka tsaya a gabana cikin mutum ɗaya. Na ga fuskokin 'ya'yana. Ban san lokacin da na ja da baya na ƙwala ihu ba: "Ku kauce! Ta ƙi magana!"

Matan da ke inuwa suka watse, masu cikin wata takwas da tara suna gudu, takalma a zube a ƙasa. Maharbi ya tofar da goro ya ɗaga bindiga. Ya ce ta durƙusa. Ta durƙusa a kan yashi mai zafi. Ya ce ta ɗaga hannu sama. Ta ɗaga ɗaya. Ya ce, "Ɗayan." Ɗayan bai fito ba. Ya sake cewa, "Fito da ɗayan hannun." Ina bayan ginshiƙin ƙofa, ina kallon hannun da ya ƙi fitowa, ina jiran ƙarar da za ta raba ni da duniya.

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Na ji bakina ya ce wa maharbin, "Me kake jira?"

Allah ya sa dattijo ne. Da matashi ne da yanzu wani labarin nake bayarwa, ko kuma ba na iya bayarwa. Ya ɗan yi jinkiri, a cikin jinkirin nan Mama ta wuce ta gefena. Ba gudu take yi ba, tafiyarta ta kullum ce ta mai ciwon gwiwa. Ta bi ta gaban bindigar, ta tsallake igiya, ta tsuguna a gaban yarinyar ta ba mu baya. Na ji tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ta sa hannu cikin hijabin. Sannan ta juyo ta ce, "Sauke wannan abu. Ku kawo keken marasa lafiya. Naƙuda yake yi, kan yaro ya kusa fitowa." A lokacin na lura yashin da ke ƙarƙashin gwiwoyinta ya jiƙe.

Can sai ga wata tsohuwa tana ɗingishi daga wajen ganguna, da kwalla a kai da ƙunshin zannuwa a hammata. Goggonta ce. Daga wani ƙauye bayan Vinikilang suka taso tun safe, aka tsare su a binciken gada, keke ya sauke su nesa, tsohuwa ba ta da sauri, ta ce yarinya ta yi gaba. Cikin fari ne. Ni da na girma a tsakiyar Fulani, maƙwabtanmu hagu da dama su ne, na san wannan tun ina ƙarama. Bafulatana mai cikin fari ba ta ambatar cikinta. Ko uwarta ta tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, balle wata baƙuwa mai ɗaga murya a bakin titi, a gaban namiji. Kuma ba ta kuka a naƙuda, abin gori ne har tsufa. Cizon leɓe za ta yi ta haɗiye. Sau nawa na yanka wa irinsu kati, goggo ko yaya na amsawa a madadinsu? Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ita ta zo da kunyarta daga gida, ni na tare ta da dajin da ke kaina.

Kafin la'asar ta haifi namiji, lafiya lau. Ni ina bayan tankin ruwa ina amai, ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. A nan Mama ta same ni. Ta ja ni gindin darbejiya, ta zaunar da ni a benci, ta miƙo mini kofin kunun gyaɗa. Na ce ba na sha. Ta ce, "Sha. Ba roƙonka nake ba." Na sha.

Ta ce, "Na ji abin da ka ce wa mai bindiga."

Na fashe da kuka. Na ce, "Mama, tsoro nake ji. Tun ranar farko tsoro nake ji. Kullum in na fito gida sai na kalli yara kamar ba zan dawo ba."

Ta ce, "Wa ya ce maka ni ba na ji? Da na wuce gaban bindiga ƙafata ba tawa ba ce. Amma ni na karya da safe, na zauna sau biyu. Da na leƙo na ga mai naƙuda, don shekara talatin ina ganinsu. Kai awa biyar kana tsaye a rana da yunwa, ko uwarka ce ta zo bam za ka gani." Ta karɓi kofin. Ta ce, "Ba mugun mutum ba ne kai. Amma in ka ci gaba haka za ka kashe wani."

Washegari ita da kanta ta shiga ofishin oga, ta fito da sabon tsari. Muka zama mu uku a ƙofa, ni da mai ba da magani da wata mai shara, mace mai natsuwa wadda Fulatanci ne harshenta. Rabin awa kowa, ko layi ya kai ina, in lokacinki ya cika ki miƙa na'ura ki tafi inuwa. Ba mai tsayawa sai ta ci wani abu, Mama tana dubawa kamar malamar firamare. Aka hana riƙe waya a ƙofa saboda saƙonnin an ce an ce. Aka sa benci da rumfa a wajen ganguna, mace ta jira mai rakiyarta su taho tare. In an tashi awo kuma mukan zauna gindin darbejiya 'yan mintoci, kowa ta faɗi wadda ta fi tsorata ta a ranar. Da farko na ɗauka shirme ne. Sai na ji mai ba da magani, wadda nake gani kamar dutse, tana cewa wata mai ɗauke da kankana a cikin hijabi ta kusa sa ta fitsari a tsaye. Muka yi dariya har da hawaye. Daga nan Mama ta yi addu'arta, mu ma mu yi tamu, kowa ta kama hanya.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Amma ya daina bina har gida kullum. Na koma cin tuwo, zafin ciki ya lafa, na nemi gafarar 'yata. Yanzu an daɗe da kwashe gangunan, an kwance igiyar, mata suna shigowa suna hira ba mai tare su. Mama ta yi ritaya ta koma garinsu. Yaran da ake ɗauka aiki yanzu suna cewa na cika takura, don in na ga ɗaya ta wuce azahar ba ta tashi daga kujera ba sai na tsaya a kanta har ta tashi. Ba su san dalili ba, ni kuma ban cika bayarwa ba.

Amma tun kafin a kwance igiyar, yarinyar ta dawo bayan ta yi arba'in, ta kawo jaririn rigakafi. Ni ce ke tsaye a ƙofa a daidai lokacin. Na ci abinci, na huta, ba abin da ke damuna. Tun daga nesa na gane hijabin ruwan toka, da goggon a bayanta. Na yi ta shirya abin da zan ce mata, kwana arba'in ina shirya shi.

Da ta iso igiya ta ɗago ta gan ni, ta ga maharbin. Ba wanda ya ce mata komai. Ta durƙusa a kan yashi, daidai wurin. Ta kwance goyon, ta fito da jaririn daga cikin hijabi, ta ɗaga shi da hannu biyu yadda za mu ga hannuwan duka.

Na ƙarasa wurinta da sauri na ce, "Tashi, don Allah tashi." Na karɓe shi. An naɗe shi cikin tawul mai kauri duk da zafin, da hular ulu, yana barci, bakinsa yana motsi. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri. Sai na ji yatsuna suna bin bayansa, suna shiga ƙarƙashin tawul, suna matsa naɗin zanen da ke ƙugunsa, yadda suka saba. Ina ji ina gani, na kasa tsayar da su.

Tana durƙushe tana kallon hannuna. A hankali ta ce, "Hajiya, babu komai a jikinsa." Ranar na fara jin muryarta.

Na ce, "Na sani."

Ban miƙa mata shi ba sai da na gama.